Harajin gidanmu ya ninka sau shida bayan an zo awo: mu biya ko mu kai ƙara?

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Tambayata a kan gidanmu na gado ce, a zango nan Kumasi. Tsohon gida ne mai tsakar gida, ɗaki goma sha huɗu. Mahaifiyarmu da ƙannena suna cikin ɗaki biyar, sauran duk 'yan haya ne, ga shago biyu a bakin titi da ɗan masallaci a ƙofar gida. Shekara da shekaru sidi 200 muke biya wa Asambili, wato majalisar ƙaramar hukumarmu, na harajin gida. Bara wasu suka zo da tef suka auna gidan, bana sai ga takarda wai sidi 1,200, kuma har yau sunan marigayi mahaifinmu ne a kanta. Maƙwabcinmu mai bene bai kai mu biya ba. Wasu sun ce kada mu biya, wasu sun ce mu ɗauki lauya, wasu kuma sun ce mu raba wa 'yan haya. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: daga ina sidi 1,200 ɗin nan ta fito, ko akwai ƙofar da za a bi a rage ta, da kuma abin da za ku yi da takardar kafin a kai ga ragewar. Ƙofa akwai, doka ce ta buɗe ta, ba alfarmar kowa ba ce. Sai dai yawancin masu zuwa koke da na gani a aikin ƙiyasin gine-gine da magana ɗaya suke shigowa, wato "kuɗin ya yi yawa", kuma wannan magana ba ta taɓa sauke wa kowa ko pesewa ɗaya ba. Abin da ke sauke haraji shi ne ka nuna inda aka yi kuskure a bayanin ginin.

Hannu biyu ne suka rubuta takardar nan

Dokar da ke tafiyar da wannan harka ita ce Dokar Mulkin Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, wadda ta maye gurbin ta 1993 mai lamba 462. Ta ba Asambili ikon ɗora haraji a kan gine-ginen da ke yankinta, amma ba Asambili ce ke yanke darajar ginin ba. Wannan aikin sashen ƙiyasi ne na Hukumar Filaye ta Ƙasa, ko ƙwararrun da aka ɗauka su yi a ƙarƙashin kulawarsa. Su ne masu zuwa da tef. Bayan sun gama sai Asambili ta zauna, a cikin ƙudurin kuɗaɗen da take zartarwa kowace shekara, ta ce kowane gida zai biya kashi kaza na darajarsa, gidajen zama da nasu kason, na kasuwanci da nasu. Darajar gini a ninka ta da wannan kaso, shi ne abin da ka gani a takarda. Kamar mai awon hatsi ne da mai sa farashin mudu: in an cuce ka a awo wurin mai awo za ka, in farashi ne ya yi tsada ba shi za ka kama ba.

Yadda ake fitar da darajar shi ne abin da mutanenmu suka fi jahilta. A Ghana ba a tambayar nawa gidan zai yi in an sa shi a kasuwa, ba a kuma sa kuɗin fili a ciki. Tambayar ita ce: da yau za a tayar da irin wannan gini sabo fil a kan fili fayau, nawa zai ci? Daga nan a cire abin da za a kashe a maido da tsohon ginin ya koma kamar sabo, wato tsufansa da lalacewarsa. Saboda haka wanda ya zo yana cewa "ai unguwarmu ba Nhyiaeso ta masu kuɗi ba ce, fili ba ya tsada a wurinmu" bai taɓa lissafin darajar ba tukuna. Bulo ne da siminti da rodi da kwano da katako da ladan magini da kafinta ake lissafawa, kuma buhun siminti bai san zango ba, bai san unguwar masu kuɗi ba.

Sannan akwai wani sharaɗi a dokar da nake ganin shi ne zuciyar matsalarku. In mai gida ne ke zaune a gidansa, darajar da za a ɗora wa haraji ba za ta wuce kashi 50 cikin 100 na kuɗin sake ginin ba. In ba shi ke ciki ba, ba za ta gaza kashi 75 cikin 100 ba. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga gidan haya: komai tsufansa, ko da bangon ya tsage kwanon yana yoyo, ragin tsufa ba zai haura kashi 25 ba. Bari in buga maka misali da lambobin da na ƙaga don lissafi kawai, ba farashin yau ba ne. A ce ginin murabba'in mita 300 ne, kowace mita sidi 2,000, ya kama sidi 600,000. In an rubuta shi gidan da masu shi ke ciki, iyakarsa 300,000. In an rubuta shi gidan haya, mafi ƙaranci 450,000. A ce kason Asambili 0.2 cikin 100 ne, na farko zai biya sidi 600, na biyu 900. To a ce kuma mai awo ya bi bangon waje ya zagaye gidan, ya haɗa da tsakar gidan da ba rufi mita 80, ginin ya koma 380. Yanzu takarda ta zama sidi 1,140, alhali ba a ƙara ko bulo ɗaya ba.

Irin gidajenmu na zango a nan suke shan wahala, domin ba su faɗa cikin ɗayan rukunin nan biyu sosai ba. Tsohuwa na ɗakin ƙurya, 'ya'ya da jikoki a gefe, baƙi 'yan haya a sauran, tela da mai sayar da katin waya a bakin titi. Mai awo da ke da gidaje da yawa a gabansa a rana, in ya tarar da ɗan haya a ƙofa ya tambaye shi "ina mai gida?" aka ce ya rasu, abin da zai rubuta ke nan: gidan haya. In ya ga shago biyu yana iya jefa gidan duka cikin na kasuwanci ko na gauraye, wanda kasonsa ya fi na gidan zama. A ra'ayina gida irin naku kamata ya yi a rarrabe shi, ɓangaren iyali daban, na haya daban, shaguna daban, kuma wannan ita ce buƙatar da zan sa a gaba in ni ne ku.

Me ya sa tsallen ya yi tsawo haka

Kafin ka ɗauka an zalunce ku, ka bar wa wani zato wuri: mai yiwuwa sidi 200 ɗin ce ba daidai ba tun asali. Ƙiyasi aiki ne mai cin kuɗi, Asambili ce kuma ke biya, shi ya sa wurare da yawa suka daɗe suna aiki da tsohon jerin daraja. Gidajen da ba a taɓa aunawa ba kuwa kuɗin bai-ɗaya ake yanka musu gwargwadon ajin unguwa. In gidanku a wannan sahu yake, to bana ne karo na farko da aka yi muku lissafi na gaskiya, kuma an yi shi da tsadar kayan gini ta yanzu. Kowa ya san abin da ya faru da farashi a 2022, lokacin da hauhawarsa ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba.

Akwai kuma sauyin da aka yi wa Kumasi kanta. A 2012 aka yanke Asokore Mampong daga KMA, wato Asambilin birnin Kumasi, ta tafi da su Aboabo, Asawase da Sawaba. A 2018 aka sake fitar da Oforikrom, Kwadaso, Old Tafo, Asokwa da Suame. Kowace sabuwar Asambili na da ma'aikata da kwashe shara da kwata da za ta gyara, kason da ke zuwa daga asusun gwamnatin tsakiya kuma ba kullum yake isowa a kan lokaci ba, dole ido ya koma kan gidaje. Abin da nake zargin majalisu da shi, kuma na sha faɗa a wurin taro, shi ne in an sabunta daraja ta yi sama, adalci shi ne a sassauta kason ko a hau da shi mataki-mataki. In aka bar tsohon kaso a kan sabuwar daraja, sai talaka ya ga takarda ta ninka sau biyar sau shida a shekara ɗaya, ya yi fushi ya ƙi biya gaba ɗaya, Asambilin ma ta tashi a tutar babu.

Ka kuma duba takardar da kyau, layi-layi. Sau da yawa jimlar da ke ƙasa ta haɗa da bashin baya. A 2023 an miƙa karɓar wannan haraji ga GRA, hukumar tara haraji ta ƙasa, ta wani dandali na intanet, a 2024 aka maido wa majalisu abinsu. Duk lissafin da ya sauya hannu sau biyu yana buƙatar a bi shi da rasit. In kun biya a wancan lokaci, ku nemo shaidar, ko ta takarda ko saƙon waya.

Maganar maƙwabci mai bene kuwa, ka ajiye ta. Wataƙila ba a kai ga auna nasa ba, wataƙila shi kaɗai ne da iyalinsa a ciki ya samu rangwamen kashi 50, wataƙila benen tsawo ne kawai ba faɗi, ɗakunanku goma sha huɗu sun fi shi cin ƙasa. Ko ma kuskure aka yi masa, ambatonsa ba zai sauke naku ba, sai dai ya ɗaga nasa, ku kwana da gaba a kan abin da bai amfane ku ba.

Yadda ake koken

Ka fara da ofishin kuɗin shiga na Asambilinku, ka tafi da takardar bana da tsofaffin rasit da lambar adireshin GhanaPost ta gidan. Kada ka je da faɗa. Ka nemi a nuna maka abin da aka rubuta a kan gidan: faɗinsa, adadin hawa, irin kayan gini, amfanin da aka ce ana yi da shi, darajar da aka ba shi, da kason da aka ninka da shi. In an haɗa ku da lambar wani gida, ko an rubuta bene alhali ƙasa ne, ko an maimaita bashin da kuka biya, irin wannan a teburin ma ana gyara shi.

In matsalar a awo take ko a rukuni, to sai rubutu. Kafin ka rubuta, ka samo tef kai da wani magini ku auna ɗakunan da barandar, ku zana gidan a takarda ko da zanen hannu ne, ku ware tsakar gidan da ba rufi. Ka ɗauki hotuna: tsagar bango, kwanon da ya yi tsatsa, ɗakin da ba silin, daɓen siminti inda wataƙila an rubuta tayil. In asalin ginin na ƙasa ne aka yi masa filasta, kamar yadda tsofaffin gidajen zango da yawa suke, ka nemi inda filastar ta ɓare ka ɗauka, domin daga waje mai awo bulo zai gani, kuma tsakanin kuɗin ginin ƙasa da na bulo akwai tazara. In gidan na cikin masu shan ambaliya duk damina, alamar ruwa a bango da ruɓewar ƙasan ginin hujja ce ta lalacewa. Don tabbatar da cewa iyali na ciki, takardar wuta ko ta ruwa da wasiƙar asambiliman, wato wakilin unguwa a Asambili, suna taimakawa.

Wasiƙar ta zama gajeriya, zuwa ga daraktan gudanarwa na Asambili. Ka faɗi lambar gida, abin da aka rubuta, abin da yake na gaskiya, ka roƙi a sake zuwa a duba. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Koken baki a baranda, ko wurin wani da ka sani a ciki, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da shi.

In an sake dubawa ba ka gamsu ba, ko an yi shiru, doka ta tanadi kwamiti na musamman a kowace gunduma, Rate Assessment Committee, mai mutum biyar, shugaba da wasu huɗu. Ministan yanki ne ke naɗa su bisa shawarar Asambili. Duk wanda bai yarda da darajar da aka ba gininsa ko harajin da aka ɗora masa ba yana da ikon neman su sake nazari, wanda kuma hukuncinsu bai yi masa ba, shi ko Asambilin, sai Babbar Kotu. A aikace na ga inda kwamitin bai cika zama ba sai masu koke sun taru sun matsa, don haka ka ambace shi da sunansa a wasiƙarka ta biyu, ka ba asambiliman kwafi ya bi maka sawu. Kada ka bar takardar ta kwana biyu a aljihu, ka shigar da koke da zarar ta iso, ka kuma tambayi wa'adin da suke aiki da shi.

Lauya da kotu a kan sidi 1,200 asara ce, kuɗin shigar da ƙara da na lauya za su haɗiye harajin shekaru. Kotu ta masu otal ce da gidajen mai da manyan benaye. Ko ɗaukar ƙwararren mai ƙiyasi mai rajista da ƙungiyar safiyoyi ta Ghana, ga gida ɗaya irin naku bai cika biyan kansa ba. Amma in masu gidaje goma ko ashirin a layinku duk abu ɗaya ya same su, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mutum ɗaya ya duba muku duka, rahotonsa na da nauyi a gaban kwamiti fiye da surutun taro.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Sake awo ba ragi kaɗai yake haifarwa ba. In tun bayan zuwansu kun ƙara ɗaki a baya, ko akwai ɗakunan da ba su shiga ba ranar, ko an mai da zaure shago ba tare da takardar izinin gini ba, mai dubawa na biyu zai gani, kuma ba zai rufe ido ba. Ku yi naku awon tukuna a gida. In lissafinku ya nuna an ma yi muku sauƙi, ku biya ku yi shiru, kada garin neman gira a rasa ido.

Masallacin ƙofar gida yana da hukuncinsa. Doka ta yafe haraji ga wurin da aka keɓe don ibadar jama'a kaɗai, matuƙar an yi masa rajista da Asambili, haka maƙabarta da asibitin gwamnati da makarantun jama'a ko na sadaka masu rajista. Kalmar rajista ɗin nan ita ke kayar da mu, don masallatanmu na layi kaɗan ne aka taɓa kai sunansu ofis. Masallacin ba zai yafe wa gidan duka ba, amma in jama'ar layi ke salla a ciki, ba a kwana ba a ajiye kaya, ku yi masa rajista ku nemi a cire faɗinsa daga lissafi. Haka kuma Asambili na da ikon rage haraji ko yafe shi saboda talaucin mai biya. Wannan don irin gwauruwar da ke zaune a ɗaki biyu ba mai taimako aka yi shi, gida mai 'yan haya tara da shago biyu zai yi wuya ya samu.

Kafin a yanke hukunci

Masu cewa kada ku biya ba su za a manna wa takarda a bango ba. Harajin nan bashi ne a kan ginin kansa, yana bin gidan ko hannun wa ya koma. In an ƙi biya, doka ta ba Asambili dama ta manna sanarwa a jikin gida, in kwana 42 suka wuce ta nemi kotu ta ba da izinin sayar da shi. Ba kasafai ake kaiwa can ba, an fi tsayawa a sammaci, amma ba abin da za a yi wasa da shi ba ne a gidan gado. Kada ka ɗauka shigar da koke ya dakatar da bashin. Shawarata ku biya wani abu, aƙalla abin da kuka saba ko abin da naku lissafin ya nuna, ku rubuta a wasiƙa cewa kun biya ne alhali kokenku na nan, ku nemi a raba muku sauran kashi-kashi. Kowane biya da rasit na hukuma mai lambar gidan. Mai karɓar da ya ce ka ba shi wani abu ya "gyara maka" a kwamfuta, baɗi bashin zai dawo da ƙarinsa, shi kuma ba ka da takardar da za ka kama shi da ita.

Batun 'yan haya, mai gida doka ta sani, ba ɗan haya ba. Ba za ka bi ɗaki-ɗaki kana karɓar kuɗin Asambili kamar kuɗin wuta ba, sai in tun farko haka aka rubuta a yarjejeniya, abin da aka fi yi da masu shago. In lokacin sabunta haya ya zo kuna iya sa shi cikin lissafinku, wanda bai yarda ba kuma ofishin kula da haya na nan. Kada kuma ku rikita wannan haraji da kuɗin ƙasa na shekara da ake biya ta ofishin kula da filayen sarauta, ko da harajin kuɗin haya na GRA, kashi 8 cikin 100 a gidan zama, 15 a na kasuwanci. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya.

In kuwa bayan duk bincike awon daidai ne, rukunin ma daidai, kason ne ya yi nauyi, to kwamiti ba zai yi muku komai ba. Wurin wannan magana shi ne taron jin ra'ayin jama'a da Asambili ke kira kafin ta zartar da kuɗaɗen shekara mai zuwa. 'Yan kasuwa da masu motoci ba sa fashin zuwa, masu gidajen zango kuwa da wuya ka ga mutum biyu. Can ne ake tambayar me ya sa aka ɗora sabuwar daraja ba a sassauta kaso ba, can ne kuma maganar kwata da hanya da fitilun titi take da muhalli. Ku sa asambiliman ya sanar da ku ranar, ku tafi da wakilin Sarkin Zango da limamin unguwa.

Ban ga gidanku ba, ban riƙe takardar ba, saboda haka ba zan ce maka za a rage ko nawa za a rage ba. Ni kuma mai awon gini ne, ba lauya ba, abin da ya shafi rabon gado sai malamai da lauyoyi. Abin da zan iya faɗa a kan sunan marigayi shi ne bai ɓata takardar ba, bai kuma hana ku koke ba, sai dai za a tambaye ka da wane matsayi kake magana. Ku zauna ku magada ku wakilta mutum ɗaya a rubuce, kowa ya sa hannu har da mahaifiyarku, a haɗa da takardar shaidar rasuwa, da takardar kula da gado ta kotu in kun karɓa. In za a sauya suna, ya zama da sunan magada gaba ɗaya, kada ɗayanku ya sa nasa shi kaɗai. Rasit ɗin haraji ba takardar mallaka ba ce, amma na ga inda ɗan'uwa ya tara na shekaru da sunansa ya fito da su ranar rabo yana cewa gidan nasa ne. Kuɗin kuma a riƙa cire shi daga hayar shagunan nan biyu kafin a raba wa kowa, a ajiye rasit ɗin wurin Hajiya mahaifiyarku.